Daga Lawanti Zuwa Amurka: Wa Zai Cika Jirgin?

Duk shekara idan lokacin jigilar maniyyata ya zo, aka ga ƙaton jirgi ya ratsa sararin garin Gombe ya nufi filin jirgin sama na Lawanti, akwai wata magana da kan taso a majalisu da teburan masu shayi. Sai ka ji an ce, tunda jirgi mai wannan girma yana iya sauka a filinmu ya kwashi ɗaruruwan mutane har Saudiyya, me zai hana wata rana a tashi daga nan a tsallaka tekun Atilantika a sauka Amurka kai tsaye, ba sai an je an kwana a Abuja ko Legas ba? Tambaya ce ta mai kishin garinsu, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Amma a shirinmu na yau zan yi ƙoƙarin nuna cewa an ɗauko zancen ta wutsiya. Titin jirgi ba ya haifar da fasinja. Fasinja ne ke jawo jirgi, kuma idan aka bi sawun matafiyanmu aka ga inda fuskarsu take, za a tarar gabas suka nufa, ba yamma ba.

Mu fara daga tasha, don duk wanda ya taɓa jiran mota ya riga ya san rabin ilimin sufurin sama. Direban da ke lodin Kano ba ya tayar da mota sai kujeru sun cika, in kuwa ya tashi da rabi, ya san kuɗin mai daga aljihunsa zai fito. Bambancin jirgi da mota shi ne, jirgi ba shi da damar jira. An riga an buga lokacinsa, an sayar da tikiti watanni kafin ranar, dole ya tashi ko da mutum goma ne a ciki, kuma kujerar da ta tafi babu kowa ta tafi ke nan, ba kamar buhun masara ba da za a mayar rumbu a jira kasuwa ta gaba. Yanzu ku riƙe wannan lissafi. Jiragen da ke tsallaka teku daga yammacin Afirka galibi masu faɗin ciki ne, mu ɗauki mai kujera 250. Kamfani ba zai ɗauki hanya da muhimmanci ba in ba zai bi ta aƙalla sau uku a mako ba, domin mai tafiyar aiki ba ya jiran jirgin mako-mako. Mu ce kujera 200 ake so a cika a kowane sawu kafin a fara zancen riba. Mutum 600 ke nan a mako, wato 31,200 a shekara masu tafiya, sannan a samo wasu kamarsu masu dawowa. A shekarar 2023 kujerun hajjin Nijeriya baki ɗaya 95,000 ne, kason Gombe a ciki bai wuce 'yan dubbai kaɗan ba. To hanyar Amurka tana neman wajen ninki goma na alhazan jihar, kuma ba a wata guda ba, daga Janairu har Disamba, da damina da rani, da azumi da bayan salla.

Su wane ne za su cika waɗannan kujeru? Hanyoyin da ke tsakanin Afirka da Amurka mutane iri uku ne ke riƙe da su: 'yan ƙasa mazauna can da ke zuwa ganin gida, ma'aikatan manyan kamfanoni da ake biya wa kujerun gaba masu tsada, sai ɗalibai da jami'an gwamnati da na ƙungiyoyin agaji. 'Yan Nijeriya mazauna Amurka suna da yawa, sun fi taruwa a Houston da Dallas da Atlanta da New York da jihar Maryland, amma galibinsu 'yan kudu ne, gidajensu na Legas da Ibadan da Benin da Owerri da Enugu. Ɗaliban Nijeriya a jami'o'in Amurka wajen 20,000 ne a zangon karatu na 2023 zuwa 2024, daga jihohi 36 da Abuja, kuma ɗalibi ba kullum yake kan hanya ba, wani sai ya shekara biyu bai leƙo gida ba. Ga kuma biza. Ofisoshin da ke ba da ita suna Abuja da Legas, don haka mutumin unguwar Kagarawal ta Gombe da ke son zuwa Amurka sai ya taka ɗaya daga cikin biranen nan tun kafin ya san ko zai yi tafiyar. A watan Yulin 2025 Amurka ta rage wa'adin yawancin bizar ziyara ta 'yan Nijeriya zuwa wata uku da shiga sau ɗaya. Ƙofa tana ƙara tsukewa ne, ba buɗewa ba.

Wanda duk yake shakkar wannan lissafi, ya dubi abin da ya faru a Legas, birnin da ya fi kowane gari a ƙasar nan yawan masu tafiya waje. Kamfanin Delta ya buɗe hanyar Atlanta zuwa Legas a ƙarshen 2007, kuma ita ce ta daɗe tana tsaye. Sauran kuwa tashi da faɗuwa suka yi ta yi. An buɗe hanyar Houston zuwa Legas a 2011, hanyar da ta dogara da ma'aikatan man fetur, amma da farashin gangar mai ya faɗo daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, ga kuma wahalar samun dala a Nijeriya, kamfanin United ya naɗe tabarmarsa a tsakiyar 2016. Bai dawo ba sai ƙarshen 2021, shi ma daga Washington. Arik, kamfaninmu na gida, ya fara zuwa New York a 2009, ya daina a farkon 2017 lokacin da bashi ya sha kansa hukumar AMCON ta karɓe shi. Abuja ma, mai fadar shugaban ƙasa da ofisoshin jakadanci, Delta ya gwada ta daga 2009, yana yada zango a Dakar, daga baya a Akara, bayan 'yan shekaru ya janye. Idan babban birnin tarayya bai iya riƙe jirgin Amurka ba, ai gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Amma darasin da ya fi kusa da mu na Kano ne, kuma ya kamata a tsaya a kansa. A watan Nuwamban 1925 jiragen sojin Birtaniya suka sauka a Kano, saukar jirgi ta farko a Nijeriya, kuma a 1936 aka fara jigilar fasinja da wasiƙu. Lokacin yaƙin duniya na biyu ana haɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, a bi da su ta Kano da Maiduguri zuwa Khartum da Alƙahira, jiragen Amurka kuma suna tsallako teku daga Natal ta Brazil su hau wannan hanya. Ashe ke nan an taɓa yin zamanin da arewacin Nijeriya ke kan hanyar masu tsallaka Atilantika. Bayan yaƙi, jiragen Turai masu zuwa Afirka ta Kudu a Kano suke tsayawa, har filin ya yi suna a duniya. Sai dai ba don Kanawa suke sauka ba, mai suke sha, domin jiragen lokacin ba sa iya ratsa Sahara su kai ƙarshen nahiya a tashi ɗaya. Da aka ƙera jirage masu dogon zango, sai suka koma wucewa ta sama, ko sallama ba sa yi. KLM na Holan ne ya jure, tun daga 1947, shi ma a 2012 ya yi ban kwana da Kano. Haka ta faru da Gander ta Kanada da Shannon ta Ailan, zangunan shan mai na bakin teku. To wa ya zauna a Kano? Jiragen Saudiyya da na Masar da na Habasha, sannan Qatar Airways ya shigo a 2022. Waɗannan ba mai ya kawo su ba, mutane suka biyo: mai umara, mai sarin kaya a Dubai da Guangzhou, mai kai mahaifinsa asibiti a Alƙahira ko Indiya, ɗalibin Azhar ko Madina. Kano da ta fi Gombe yawan jama'a da jari da daɗewa a harkar, taswirar jiragenta gabas ta kalla, kamar dai yadda ayarin alhazan ƙasa suka bi ta Borno da Sudan tun kafin a san jirgi.

Na san akwai mai cewa, ai ba Gombe kaɗai ake nufi ba. Gombe ce jiha ɗaya tilo da ta yi iyaka da duk sauran jihohin arewa maso gabas biyar, Borno da Yobe da Adamawa da Taraba da Bauchi, don haka in aka tara matafiyan yankin a Lawanti, jirgi zai cika. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma zan dawo mata, domin akwai inda take aiki. Amma ga hanyar Amurka ba ta kai ba. Maiduguri na da filinta, Yola na da nata, Bauchi da ke wajen kilomita 150 daga nan na da nata, haka Jalingo da Damaturu. Mutumin Maiduguri da zai je Amurka, ba zai shiga mota ya biyo ta Biu ko Potiskum ya zo Lawanti ya jira jirgin da ke tashi Talata da Alhamis da Asabar ba, alhali a cikin sa'a ɗaya da 'yan mintuna jirgi zai kai shi Abuja, inda yake da zaɓin Landan da Frankfurt da Istanbul da Doha da Addis Ababa, kuma in ɗaya ya kuɓuce masa akwai wani gobe. Kasuwa tana cin kasuwa ne saboda zaɓi. Shi ya sa mai sayen hatsi yake tsallake ƙananan kasuwanni ya zo kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe.

Wani kuma zai kawo misalin ƙananan wurare da suke da jirgin Amurka, kuma gaskiya ne akwai su. Lome ta Togo ba ta kai Kano ba, amma tun 2016 jirgin Habasha ke tashi daga can zuwa Newark. Sirrin shi ne kamfanin ASKY, wanda ya fara aiki a 2010 da hedikwata a Lome, yana kwaso fasinjoji daga birane da dama na yammaci da tsakiyar Afirka ya zuba su cikin babban jirgin, wanda dama ya taso daga Addis Ababa da nasa mutanen. Ba 'yan Togo ne suka cika shi ba. Tsibiran Cape Verde kuwa jama'arsu ba ta fi rabin miliyan da kaɗan ba, amma a baya sun daɗe suna da jirgin Boston, domin zuriyarsu ta taru a jihohin Massachusetts da Rhode Island tun zamanin jiragen ruwa masu farautar manyan kifaye. Wato ƙaramin gari na iya samun jirgin tsallaka teku ta ɗayan hanya biyu: ko ya zama mahaɗar jirage, ko ya kasance yana da dangi da yawa a gari ɗaya a can. Gombe ba ta da ko ɗaya. Garuruwan Turai da suka gwada ba tare da waɗannan ba, sun sha ƙasa. Bristol ta Ingila ta samu jirgin Newark a 2005, ta rasa shi a 2010. Cork ta Ailan ta yi shekaru tana fafutuka, ta samu a 2017 ta hannun kamfanin Norwegian, a 2019 aka rufe. Waɗannan fa garuruwa ne na masu kuɗi, da yawansu ba sa ma buƙatar zuwa ofishin jakadanci kafin su shiga Amurka, kuma tazarar tekun daga can ta fi tamu gajarta sosai.

Zancen tazara ya kawo mu ga masu cewa fasaha ta canza, yanzu akwai ƙananan jirage masu dogon zango da ba sa buƙatar mutum 250. Haka ne. Airbus A321XLR, wanda ya fara aiki a ƙarshen 2024 tsakanin Madrid da Boston, kamfanin da ya ƙera shi ya ce yana iya cin kilomita 8,700. Daga Gombe zuwa New York kuwa kusan 8,800 ne, ga iska da mai tafiya yamma ke fuskanta, ga zafin Maris da Afrilu da ke sa iska ta yi shara-shara har jirgi ya kasa tashi da cikakken nauyinsa. Bai kai ba. Ko da ya kai, akwai sauran aiki a ƙasa. Amurka ba ta karɓar jirgi daga filin da jami'an tsaron sufurinta ba su tantance ba, kuma a 2022 an cire Nijeriya daga jerin ƙasashe masu matakin farko na amincin sufurin sama, matakin da ta samu a 2010, saboda an shekara biyu babu kamfanin Nijeriya da ke zuwa can. Sai an tanadi kwastan da jami'an shige da fice na dindindin, da ma'ajiyar man jirgi da tankoki za su riƙa cikawa daga kudu, da motocin kashe gobara daidai girman jirgin. Duk wannan don sawu uku a mako.

To ko a ce gwamnati ta cika giɓin da kuɗinta, har hanya ta kama? An gwada wannan ma. A 2016 hukumomin Ailan ta Arewa suka amince da tallafin fam miliyan 9 don United ya ci gaba da zuwa Belfast, dokokin Tarayyar Turai suka taka wa shirin birki, a Janairun 2017 jirgin ya tafi. Ni a ganina ko babu wata doka da ta hana, tambayar adalci tana nan: kuɗin jihar da har yanzu ake sayen ruwa a kura a wasu unguwanninta, a kwashe su a biya kujerun banza don 'yan tsirarun da dama suna da halin tafiya? Sannan kamfanin waje dala yake so, ba naira ba. A 2023 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya ta ce sama da dala miliyan 800 na kamfanoni sun maƙale a Nijeriya, kuma a kan wannan matsala Emirates ya dakatar da zuwa daga ƙarshen 2022 har Oktoban 2024. Zancen man Kolmani da aka ƙaddamar da haƙarsa a Nuwamban 2022 shi ma ba ya canza komai. Fatakwal ta fi shekara sittin a tsakiyar arzikin mai, amma ba ta da jirgin Amurka. Kaya ma ba za su cece mu ba, domin riɗi da wake da masara da auduga nauyi gare su, kuɗin kilo ɗaya bai kai kuɗin jirgi ba, hanyarsu jirgin ruwa ce. Wake ma, in an tuna, tun 2015 Turai ta hana shigar da namu saboda maganin ƙwari da ake zuba masa, kuma wannan gyara a rumbu yake, ba a filin jirgi ba.

Saura hujjar da muka fara da ita, ta jirgin alhazai. Jirgin hajji shata ne. Maniyyaci ya biya kuɗin kujera watanni kafin tafiya, hukumar alhazai ta san adadi, ta raba mutane sawu-sawu, ta tara su a sansani, jirgi ya zo ya tarar da su a jere da jakunkunansu. In ya juyo babu kowa a ciki, an riga an sa wannan a farashi. Kamfani ba ya cacar komai. Abin da hajji ya tabbatar shi ne titin da aka shimfiɗa a Lawanti zamanin Gwamna Danjuma Goje yana iya ɗaukar babban jirgi, kuma dama ba a kan titin ake gardama ba.

Likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya da aka gayyata taro a Chicago, ko malami a Jami'ar Kashere da ya samu gurbin karatu a Texas, abin da ke cin ransa ba rashin jirgin Amurka a Lawanti ba ne. Damuwarsa ita ce jirgin Gombe zuwa Abuja ba abin dogaro ba ne, ana iya ɗage shi ko a soke, musamman idan hazo ya sauko a Disamba da Janairu, don haka dole ya bar gida kwana ɗaya ko biyu kafin lokaci, ya biya masauki, ko ya kwana a hanya cikin mota. Wannan kuwa ciwo ne da ke da magani. Jirgin safe da ke tashi kullum a kan lokaci, na'urorin saukar jirgi da ke aiki cikin ƙura, da yarjejeniya tsakanin kamfanin gida da na waje yadda mutum zai yanki tikiti ɗaya, ya miƙa jakarsa a Lawanti ya karɓe ta a Washington, in kuma jirgin farko ya makara alhakin yana wuyan kamfani. Haka mutanen ƙananan garuruwan Amurka kansu suke zuwa Turai, ta Atlanta ko Chicago, kuma ba wanda ya ce an raina su.

A nan ne kuma hujjar tsakiyar yanki da na ajiye ɗazu take samun gindin zama. Daga Gombe zuwa Jidda kilomita 3,300 ne ko ƙasa kaɗan, tafiyar da ba ta kai sa'a biyar ba, kuma ƙaramin jirgi mai kujera 180 yana yin ta ba tare da yada zango ba. Mai umara ba ya ƙin jirgin mako-mako, domin dama kwana goma ko mako biyu zai yi, kuma a ƙungiya yake tafiya ta hannun kamfanonin shirya tafiye-tafiye, waɗanda ke iya sayen kujeru a dunƙule tun da wuri. Mutumin Biu ko Numan ko Potiskum da yanzu sai ya kai kansa Kano ko Abuja, shi kam Lawanti ta rage masa hanya da gaske. Kujera 150 a mako mutum 7,800 ne a shekara daga jihohi shida, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da hanyar Amurka ke nema. Ba na cewa adadin ya cika, musamman yadda faɗuwar naira ta sa umara ta yi tsada, kuma watan azumi ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Amma lissafi ne da ake iya bincikawa ba tare da an ɗauko masana daga waje ba. Kamfanonin da ke yanka wa mutane tikiti a Gombe da Bauchi da Yola da Maiduguri suna da rajistar inda kowa ya tafi da watan da ya tafi. A tattara ta shekara uku, a ware Jidda da Madina gefe guda, Alƙahira da Dubai gefe guda, Amurka gefe guda, sannan a kira kamfanin jirgi a ajiye masa takardar a gabansa.